Karenmu ba ya daina haushi a keji idan mun fita aiki, ina mafita?

Baban Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon karnuka. Muna da karen gadi a Kaduna, jinsin German Shepherd, wata 9 da haihuwa, nauyinsa kilo 26. Kejinsa na ƙarfe ne irin wanda masu walda ke haɗawa, rufin kwano, yana tsakar gida dab da get. Idan muna gida ba ka jin ɗuriyarsa, amma da mun fita aiki da ƙarfe 7:30 na safe sai ya kama haushi, maƙwabta sun ce wani lokaci har azahar bai yi shiru ba. Sai la'asar muke dawowa. Wani ya ce in saya masa abin wuyan nan mai ba da shokin, wani kuma ya ce takunkumi zan sa masa. Kafin in kashe kuɗi, me kuke gani?

Mai Horon Karnuka:

Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Ajiye maganar sayayya tukuna. Haushi kala-kala ne, kuma abin da ke maganin wani yakan ƙara rura wani. Gobe da safe ka jingina tsohuwar waya inda za ta hango kejin, ka kunna bidiyo, ka fita yadda ka saba. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa. Da ka dawo ka duba lokacin da ya fara da yadda jikinsa yake.

In ya fara cikin 'yan mintuna da rufe get, muryar ta yi sama haɗe da dogon kuka, yana haki, yawu na dalala, yana cizon ƙarafuna ko ƙoƙarin tone ƙasan keji, ga abinci a gabansa ko kallo bai ishe shi ba, to tsoron kaɗaici ne. Irin wannan karen a firgice yake, ba taurin kai yake yi ba.

In kuwa ya kwanta abinsa, sai babur ya wuce ko mai ruwa ya buga get ko almajiri ya yi sallama sannan ya zabura da murya mai kauri, ya tsaya ya kasa kunne, ya sake, to gadinsa yake yi. Tunda ka ce kejin na bakin get, ina kyautata zaton akwai wannan a ciki. Ka lura da yadda abin ke zama masa ɗabi'a: duk wanda ya yi wa haushi wucewa yake yi, shi kuma a ganinsa haushin ne ya kore shi. Kullum yana cin nasara, don me zai daina? Gyaran nan na wuri ne. Ka mayar da kejin bayan gida inda ba ya hango get, ka kare gefe biyu ko uku da katako ko tabarmar kaba, ka bar tazarar kamar tafin hannu a sama da ƙasa don iska. Kada ka rufe da leda ko tamfol. Ƙaramar rediyo a kunne a hankali tana danne ƙarar titi.

Na ukun shi ne haushi ɗai-ɗai da tazara, kamar mai kiran wani, wanda ke farawa bayan awa ɗaya ko fiye. Wannan gundura ce, ko fitsari ya matse shi, ko ƙishirwa. Kare mai wata 9 ƙarfi ya yi masa yawa. Ka fita da shi tafiyar minti 30 zuwa 40 bayan asuba, ka bar shi ya yi ta shinshine-shinshine, ya yi fitsari da kashi, sannan minti 10 na koyon zauna, kwanta, tsaya. Ban da jan sa a guje bayan babur, gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba, kuma jinsin nan dama an san su da matsalar ƙugu. Ka bar shi ya huce kafin ka ba shi abinci.

Ka kuma auna kejin. Ya kamata ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Don samun girman kejin, auna karen daga hanci zuwa gindin wutsiya ka ƙara santimita 10, haka ma tsayinsa daga ƙasa zuwa saman kunne.

Maman Ilham:

Baban Sadiq, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗora a kan abin da Malam ya faɗa, ko da bidiyon ya nuna tsoro ne ko kiran mutane. Matsalar da aka fi samu ita ce kare bai san keji ba sai lokacin da za a tafi a bar shi. Dole ya tsane shi. Daga yau duk abincinsa a ciki za a ba shi, ƙofa a buɗe. Bayan kwana biyu ko uku ka fara rufewa yana ci, ka buɗe kafin ya gama.

Daga nan sai gina lokaci, kuma da daƙiƙa ake farawa, ba da awa ba. Ka rufe, ka tsaya a gefe daƙiƙa 10, ka buɗe. Sai 20, sai 30, sai minti ɗaya. Idan ya iya minti 5 kana kusa, ka fara ɓacewa bayan bango daƙiƙa 5 ka dawo. Kada ka riƙa ƙarawa a jere, ka cakuɗa: minti 2, daƙiƙa 30, minti 4, minti 1, don kada ya gane cewa kullum abin tsawo yake ƙarawa. Zama biyu ko uku a rana, kowanne minti 10 zuwa 15. Ƙa'idar ita ce ka dawo kafin ya fara kuka. In ya fara, ka yi gaggawa ke nan, koma matakin baya. Minti 30 zuwa 40 na farko su ne masu wuya, karen da ya tsallake su a natse yawanci barci yake yi.

Akwai kuma alamomin fita. Tun kafin ka kai get ya riga ya karanta ka: ƙarar makulli, sa takalmi, tayar da mota. Ka riƙa yin waɗannan ba tare da ka fita ba. Ɗauki makulli ka zauna ka sha shayi, tayar da mota ka kashe ka koma ɗaki, sau da yawa a rana har su daina tayar masa da hankali. Lokacin fita ban da dogon sallama, da ka dawo kuma kada ka nufi kejin kai tsaye, sai ya natsu.

Abin da bai kamata ba ko sau ɗaya: buɗe ƙofa ko daka masa tsawa yana cikin haushin kira. Tsawar ma a wurinsa amsa ce. Ka jira shiru na daƙiƙa 3 zuwa 5 sannan ka buɗe. A kwanakin farko haushin zai iya ƙaruwa, domin abin da ya saba yi masa aiki ya daina, sai ya ƙara ƙaimi. Wanda ya karaya a nan ya koya masa cewa haushi mai ƙarfi ne ke buɗe ƙofa. Sai a ja kunnen yara da mai aiki, mutum ɗaya ya isa ya rushe aikin mako guda. Amma fa wannan jiran na mai kira ne. Wanda ke cikin firgici ba a barinsa ya yi ta yi har ya gaji, ƙara lalacewa yake.

Ka nemi robar nan mai rami da ake kira Kong, babba, baƙa ta masu ƙarfin haƙori. Ka jiƙa abincinsa ka cusa, ka toshe bakin da cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar gishiri da sukari, ka sa a firiza ta daskare. In ta kwalba ce ka duba kada a ce akwai sinadarin zaƙin nan xylitol, guba ne ga kare. Ba a ba shi ita sai a keji.

Likitar Dabbobi:

Yallabai, takunkumin nan ka manta da shi. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ka ɗaure masa baki a ƙarƙashin kwano a watan Maris ko Afrilu, kana iya dawowa ka tarar da gawa. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗoriya, ya haura 41 rai na cikin haɗari. Abin wuya mai shokin kuma yana iya kashe muryar amma tsoron na nan, har ya ƙaru, sai ya koma cizon ƙarfe yana karya haƙora. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010. Ko abin wuyansa na yau da kullum a cire kafin a rufe shi, yakan maƙale a ƙarfe ya shaƙe kare.

Ka je wurin kejin da ƙarfe 1 na rana ka sa hannu a ƙasansa da rufinsa. In kai ba za ka iya jurewa ba, ka samu dalili ɗaya. A sa silin ko katako ƙarƙashin kwanon, ko a kai shi inuwar bishiya. Ruwa kuwa, kare na shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana, naka ke nan wajen lita ɗaya da rabi, da zafi ya fi haka nesa. Kwanon ruwan da ke ƙasa ɓarar da shi yake tun da safe, a rataye bokitin silba a jikin ƙarfe. A duba kaska tsakanin yatsu da cikin kunne, da ƙudajen da ke cin bakin kunne har ya yi jini. Karen da ke cikin ƙaiƙayi ba ya kwanciya.

Idan tsoron kaɗaicin ya yi tsanani akwai magunguna, clomipramine da fluoxetine, amma likita ne zai auna ya rubuta. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga tasiri, kuma tare da horo suke aiki. Kada a ba shi maganin barci na mutane ko tramadol daga kemis. Ko acepromazine, maganin kwantar da dabba da wasu ke nema, jiki kawai yake kashewa, tsoron na nan daram.

Ɗan Barnawa:

Duk an faɗi gaskiya, amma ni lissafin awannin ne ya tsaya mini. Daga 7:30 zuwa la'asar ya haura awa 8. Babu horon da zai sa matashin kare ya ji daɗin wannan a cikin akwatin ƙarfe. Awa 4 zuwa 5 a jere shi ne iyaka mai kyau. Tunda akwai tsakar gida, a kewaye masa wuri da wayar shinge mai kauri, kamar mita 2 a faɗi, 4 a tsawo, tsayin shingen kusan mita 2, kejin na ciki ƙofa a buɗe, da yashi a lungu ɗaya don fitsari. In ba hali, a samu wanda karen ya sani ya fito da shi minti 20 da azahar.

Baban Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauki bidiyon. Minti 10 na farko ya ɗan yi kuka, ya ci abincinsa ya kwanta. Daga nan duk wanda ya gifta get sai ya tashi, wajen ƙarfe 9 kuma ya ture ruwansa.

Mai Horon Karnuka:

To alhamdu lillahi, tunda ya ci abinci ya kwanta, ba firgici ba ne, ba ka buƙatar magani. Ranar Asabar ka mayar da kejin bayan gida cikin inuwa, ka kare gefen da ke kallon get, ka rataye bokitin, ka kira mai walda ya auna shingen. Kukan minti 10 ɗin kuma matakan Maman Ilham da robar gyaɗar za su ɗauke shi. Ka sake ɗaukar bidiyo bayan kwana 7 a daidai lokacin nan ka kwatanta, kuma ka shaida wa maƙwabta cewa ana kan gyara, su faɗa maka ƙarfe nawa suke jin sa.