Neman shawara: na gama lisans a sikoloji, ta ina ake shiga binciken yara masu larurar ƙwaƙwalwa da cututtukan gado?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a saka min ba suna. Ni 'yar Garwa ce, na gama lisans, wato digirin farko, a sikoloji (ilimin halayyar ɗan adam) a jami'ar Yawunde 1 na dawo gida ina zaune, kowa a gida cewa yake in yi konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, in zama malamar lekol in huta tunda albashin gwamnati ko ba yawa yana zuwa. Ni kuma abin da ke raina daban ne, tun lokacin staj, wato koyon aiki a asibiti, nake ganin yaran da ake kawowa shekara huɗu biyar ba baki, wasu ba sa kallon idon mutum, wasu masu trizomi da mutane ke ce wa 'yan ruwa, kafin a zo asibiti an gama yawon masu magani kuɗi ya ƙare. Bincike nake so in yi a kan irin yaran nan. To amma duk sanarwar aikin da na buɗa a intanet likita ake nema ko ɗan labo mai gwajin jini, ni ko sirinji ban taɓa riƙewa ba. Shin mai sikoloji yana da gurbi a nan? Kuma daga arewa ta ina ake farawa, ko dole sai an fita waje?

Malami daga Ngaundere:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina da gurbi, babba ma kuwa. Ɗan labo zai iya gaya mana cewa yaro yana da kromozom na 21 guda uku maimakon biyu, wato trizomin da kika ambata, abin da aka gano tun 1959, amma ba zai iya gaya mana kalma nawa yaron ke faɗa ba, ko yana gane umarni, ko yana wasa da 'yan uwansa, ko zai iya zama a aji. Wannan sai wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna da yaron da uwarsa awa guda, kuma aikinku ne. Binciken ƙwayoyin gado da ba a auna halin yaro da kyau ba, kuɗi kawai aka zubar.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan awon. Yawancinsu a Amurka da Faransa aka yi su, za ki ga ana tambaya ko yaro yana hawa matakalar bene, ko yana cin abinci da cokali mai yatsu, ko a ba shi fensir ya zana, alhali yaronmu na ƙauye bai taɓa ganin bene ba, tuwo yake ci da hannu, ga shi an hore shi kada ya kalli idon babba ko ya amsa wa baƙo da ƙarfi. Lafiyayyen yaro sai ya fito a takarda kamar mai larura. Shi ya sa a Malawi suka yi nasu ma'aunin, MDAT, aka fitar da shi a 2010, a Kilifi ta Kenya ma suka yi nasu. Ki nemi sunan Farfesa Amina Abubakar ta Kenya ki karanta aikinta, sikoloji ta karanta kamar ke, kuma tana cikin jagororin binciken NeuroDev da ake yi a Kenya da Afirka ta Kudu kan gadon otizim (larurar da ke hana yaro magana da hulɗa da mutane yadda aka saba) da jinkirin fahimta a yara. Ke da kike jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, a ganina jarinki kenan, don mai shirya bincike a Garwa ko Marwa da Faransanci kaɗai ba inda zai kai.

Nas daga Marwa:
Malam ya gama magana, ni ƙari ɗaya zan yi. Kada ki tsaya a otizim da trizomi kawai, cutar gadon da ta cika mana sashen yara ita ce sikila, kuma mutane ba su san tana taɓa ƙwaƙwalwa ba, su dai ciwon ƙashi da ƙarin jini suka sani. In ba a yi riga-kafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20, kuma akwai wata ta ɓoye da ta fi wannan yawa, ba a ganin komai a jiki, hannu lafiya ƙafa lafiya, sai dai yaron da ke zuwa na uku a aji ya koma na ƙarshe, ya manta karatun allon da ya riga ya haddace, a yi ta dukansa ana cewa lalaci ne. Wlh abin yana min ciwo. A Kano asibitin Aminu Kano da jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi shekaru suna gwajin maganin hidroksiyuriya don kare yara daga wannan, suna auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'urar dopla. Hausawa ne 'yan uwanmu, yare ɗaya, ki karanta abin da suka wallafa. Ki je sashen yara na asibitin da ke kusa da ke ki gaida likitan yara ki ce kina so ki taimaka ranar da masu sikila ke zuwa, yawanci hannu suke nema. A Garwa kuna da reshen cibiyar gwaje-gwaje da bincike ta Centre Pasteur ga kuma fakultin likitanci, ɗaliban da ke rubuta tez, wato kundin kammala karatu, kullum suna neman wanda ya iya tambayar iyaye.

Wani ɗan uwa, Garwa:
Ni gsky ba zan biye muku ba. 'Yar uwa ki yi konkur ɗinki. Na yi aikin tattara bayanai a proje, kwantiragin wata shida ne, in kuɗin turawa ya ƙare kowa ya kama gabansa, wanda ya sha rana a kan moto ƙauye ƙauye sunansa ma ba ya fitowa a takardar. Konkur kuma akwai iyakar shekaru, in ta wuce ki shikenan. Matrikul tukuna, wato lambar ma'aikacin gwamnati, bincike daga baya.

Malami daga Ngaundere:
Maganarka akwai gaskiya ɗan uwa, aikin proje ba shi da tabbas, kuma lisans kaɗai ba ya wuce matsayin mai tattara bayanai. Amma biyun ba kishiyoyi ba ne. Akwai reshen masu ba ɗalibai shawara a ENS, makarantar horar da malamai, ga ta nan Marwa tun 2008, wanda aka ɗauka aiki daga can a makaranta zai zauna, yaran da take magana a kai kuwa can suke ko kuma can aka koro su. Tana iya riƙe matrikul ta yi masta a gefe. Abin da ba na so shi ne ta jefar da abin gaba ɗaya.

Ɗaliba a Afirka ta Kudu:
Slm yaya, bari in faɗa miki abin da na gani da idona a nan. Abu uku ake fara tambaya in ana ɗaukar mataimakin bincike, Turanci, lissafin bayanai, da takardar horon ɗa'ar bincike. Turancin nan dole ne, don kusan duk abin da ake wallafawa da shi ake yi, kuma mu 'yan Kamaru muna da sa'a tunda ƙasar na cikin Commonwealth tun 1995 muna iya neman tallafin karatunsu, ga DAAD ta Jamus ga Mastercard Foundation. Ki koyi manhajar lissafin bayanai ta R kyauta ce, SPSS ɗin da aka koya mana a fak bai isa ba, ki iya haɗa fom ɗin tambayoyi a manhajojin KoboToolbox da REDCap. Horon ɗa'a kuwa shafin intanet na TRREE suna yi kyauta da Faransanci har su ba ki satifiket, da wayarki ma za ki iya.

Sannan akwai wani fanni da ban taɓa jin sunansa ba sai da na zo nan, masu ba iyalai shawara kan cututtukan gado, su ne ke zama da iyaye su yi musu bayanin sakamakon gwaji da abin da zai iya faruwa a haihuwa ta gaba. Ana masta ɗinsa a jami'o'in Cape Town da Wits, jami'ar Ghana ma ta fara, sai dai suna son mutum ya taɓa karatun ilimin ƙwayoyin gado, ki duba sharuɗɗansu da wuri ki cike giɓin. Farfesa Ambroise Wonkam ɗan ƙasarmu ne, a Yawunde ya yi likitanci, ya daɗe a Cape Town, a 2022 ya karɓi shugabancin sashen likitancin ƙwayoyin gado a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aikinsa a kan sikila da kurumtar gado ne, kuma mutanensa sun yi bincike kan larurar Fragile X, cutar gado mai kawo jinkirin fahimta, a wani ƙauye a Kamaru inda babban ɓangaren aikin hira ce da dangi kan yadda suke fassara abin. Kin ga wannan ba aikin sirinji ba ne.

Maman yaro mai larura:
Ni ba 'yar boko ba ce sosai amma bari in sa baki tunda ɗana ne irin wanda kuke magana. Shekararsa bakwai bai fara magana ba. An taɓa zuwa aka yi mana tambayoyi aka cika takardu aka ɗebi jininsa, har yau ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani. 'Yata in Allah ya sa kin shiga aikin nan ki riƙa komawa, ko ba magani ki gaya wa uwa sunan abin da kuma yadda za ta koya masa cin abinci da kewayawa. Kuma ki yi wa uban bayani da surukar, don mu ake ɗora wa laifi, a ce wanka muka yi da dare ko daga danginmu ne.

Mai tambaya:
Allah ya ba shi lafiya Mama, na riƙe wannan. Na gode muku duka. Malam to in zan yi masta, taken memuwar fa, wato kundin binciken, in ɗauki otizim gaba ɗaya a arewa ko yaya?

Ɗan uwa daga Injamena:
Kafin Malam ya amsa, ki yi hattara da kalmar gado a ƙauye. A yankinmu da naku ba kowane jinkiri ne na gado ba, muna cikin layin sanƙarau, ga zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, ga shawarar jarirai, ga doguwar naƙuda da yaro ke fitowa bai yi kuka ba, ga tamowa. Dole fom ɗinki ya tambayi duk wannan. Kuma maganar auren zumunci ki iya bakinki, gaskiya ne yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan amma in kika faɗa ba lissafi sai ki kashe aure ki bar uwa da yaro ba mai ciyarwa.

Malami daga Ngaundere:
A'a ƙanwata, ya yi faɗi da yawa, ba za ki gama ba kuma ba ki da kuɗinsa. Ki ɗauki ƙaramin abu da za ki iya da kuɗin moto da fotokopi. Misali ki ɗauki gajeren ma'auni ɗaya, akwai na tambayoyi goma da ake yi wa iyaye don gano yara masu larura, ki mayar da shi Hausa da Fulatanci, wani da bai ga na asali ba ya mayar da shi Faransanci ku ga inda ma'ana ta kauce, ki gwada da iyaye mata ki ji yadda suke gane kowace tambaya. Ko ki bi shawarar nas, ki kwatanta karatun yara masu sikila da na 'yan uwansu na gida ɗaya. Kada ki taɓa yaro ko ɗaya sai kin samu izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye a rubuce ko da dangwale, in ba haka ba babu mujallar da za ta karɓa. Shawarar Mama kuma ki sa ta cikin tsarin aikin tun farko, WHO tana da horon masu kula da yara masu jinkiri, CST, darussan na intanet kyauta ne, ki yi su don ki samu abin da za ki bar wa iyaye. Mai kula da memuwar ki nemi biyu, ɗaya daga sikoloji ɗaya likitan yara. In kin rubuta shafi biyu na abin da kike so ki yi, ki ba admin ya turo min in duba kafin a buɗe ajiye dosiyen neman masta.