Mai sauran ji, "kurma" zai ce ko "ba na ji sosai"?

Baban Amira, Kawo: Jama'a, ina nan kan bakana: wanda yake da sauran ji bai kamata ya gabatar da kansa da sunan kurma ba. Abin nan da ma'auni. A Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ana sa wa mutum abin sauraro a kunne, a gwada dama daban, hagu daban. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2021, raunin ji na desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 34 mai sauƙi ne, 35 zuwa 49 matsakaici, sai ya kai 80 ake cewa ya yi zurfi. Mai desibel 45 ya shiga banki ya ce shi kurma ne, nan take ma'aikaci zai juya wajen ɗan rakiyarsa, ya bar shi tsaye kamar ba kuɗinsa ba.

Maman Sadiq, Barnawa: Baban Amira, ka duba ɗaya gefen. Da zarar ka ce wa Bahaushe "ba na ji sosai", ihu zai fara yi maka. Ihu kuwa ɓata lamarin yake yi: yana karkata leɓe, kuma na'urar ƙara ji tana mai da shi ƙara mai ciwo. Mutane da yawa siririn sauti ne ya ɓace musu, wato s da sh da f da ts. Suna jin murya sarai, kalmar ce ba ta fita. Karanta leɓe ma ba ya cike giɓin. Ka tsaya gaban madubi ka ce bari, mari, ɓari. Motsin leɓe iri ɗaya ne. K da ƙ da g a can cikin baki suke, ido ba ya kai musu, balle karin sautin da ke raba fari na launi da fari na rashin ruwa. Irin wannan mutum a Kasuwar Barci da rana tsaka, me ya raba shi da kurma?

Malam Tafinta, Tudun Wada: Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ku fara raba kurma da bebe. Yaron da sanƙarau ya ɗauke wa ji yana da shekara 10 ya riga ya iya magana, muryarsa ras. In ya ce shi kurma ne sai a ce ƙarya yake, ga shi yana magana. Wannan zalunci ne. Sannan a wurin masu maganar hannu, kurma ba sakamakon gwaji ba ne kawai, suna ne na jama'a mai harshenta. Mai desibel 60 da ya tashi a makarantar kurame, da hannu yake hira da abokansa, wa zai hana shi sunan?

Abin da nake roƙo shi ne a faɗi wane harshe. Maganar Hannu ta Hausa daban take da ta makaranta, wadda ta samo tushe daga ta Amurka tun zuwan Andrew Foster, kurma Ba'amurke mai buɗe makarantun kurame, Ibadan a 1960. A kawo tafintan makaranta ga dattijon da ya tashi da ta gida, sai a wuni ana kallon juna.

Baban Amira, Kawo: Allah gafarta Malam, a hira na ba ka. A gaban likita ban ba ka ba. Can dole mutum ya ce akwai sauran ji, kuma a wane kunne, domin allurar gentamicin, ta kashe ƙwayoyin cuta, da irinta suna iya cinye ragowar. In ya ce kurma kawai, wani zai ɗauka babu abin da za a kiyaye.

Maman Sadiq, Barnawa: To ai mun zo wuri ɗaya ba ka lura ba. Kalma ɗaya ba ta isa, ko wacce ce. Abin da muke koya wa yara jimla uku ce: sunan da suka zaɓa, kunnen da ya fi, sai abin da suke so a yi. Misali: "Ni kurma ce, ina ɗan ji da hagu. Ka fuskance ni, kada ka rufe baki, lamba da kuɗi ka rubuta." A ajiye ta a waya ko a ɗan kati a aljihu don mai Keke Napep, tunda shi baya yake ba ka, ba ka ganin bakinsa.

Malam Tafinta, Tudun Wada: A ƙara da haske, Hajiya. Mai magana ya tsaya fitila ko taga na haska fuskarsa, ba bayansa ba. Amma zaɓen sunan, Baban Amira, har yanzu na mai kunnen ne.

Baban Amira, Kawo: Na mai kunnen ne, muddin takardar gwajin tana cikin jakarsa ranar asibiti.