Sikelin maina a jita: ta ina zan fara?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan zaure. Na iya kama kod (sautukan da ake kaɗawa tare) na Am da C da G, yanzu sikelin maina nake so in koya. Ta ina zan ɓullo masa?

Baban Zaure: Wa alaikumus salam. Sikeli jerin sautuka ne daga ƙasa zuwa sama. Fara da A maina, ƙanena: A B C D E F G, babu shaf babu filat, wato babu sautin da aka ɗaga ko aka sauke da rabin mataki. Sautukansa ɗaya da na C meja, masaukin, wato sautin da ake farawa a kuma sauka a kansa, shi ne kawai ya bambanta. Kaɗa tsirkiya ta 5 (ta biyu daga mafi kauri) a sake, wato A, sai ka bi ta gida-gida, wato tsakanin ƙarafan wuyan jitar: na 2, 3, 5, 7, 8, 10, har 12. A tsirkiya ɗaya kunne ya fi kama tazarar.

Ɗan Agadas: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ni da sautuka biyar zan fara masa. Ya ajiye B da F tukuna, ya riƙe A C D E G. Manuniya ta zauna a gida na 5. Tsirkiya mafi kauri 5 da 8, ukun da ke biye 5 da 7, siraran biyu 5 da 8. Kiɗan jitar mutanenmu galibi a kan biyar ɗin nan yake tafiya. Ya saurari makaɗan jitar Nijar irin su Bombino ko Mdou Moctar, zai ji yadda suke juya su ba a gajiya da ji.

Anti Jos: Duk ku biyu kun manta saiti. Ya sauke GuitarTuna, manhajar saita sautin jita, a waya, jitar da ba ta saitu ba kunne take ɓatawa. Sannan ya kunna metironom, mai ƙirga bugun kiɗa, a bugu 60 a minti, bugu ɗaya sauti ɗaya. Gaggawa ce ke kashe sababbi.

Sabon Shiga: Anti, gida na 8 ɗin nan ƙaramin yatsana ba ya kaiwa, da na zobe nake yi.

Anti Jos: Kul! Ka saba da haka, gyara zai yi wuya. Sauke babban yatsa bayan wuyan jitar, ka danna dab da ƙarfen gidan, zai kai. In yatsu na zafi, fara da mai tsirkiyar leda.

Baban Zaure: Na yarda da Ɗan Agadas, amma in hannu ya faɗa ka mayar da B da F, su ne ke kawo ɗan tausayin nan.

Sabon Shiga: Na ga wani yana saka G shaf a ciki fa.

Baban Zaure: Wannan hamonik maina ne, wani nau'in sikelin maina, bar shi sai gaba. Turo mana bidiyon na biyar ɗin ranar Asabar mu ji.