Filin da na saya, nawa ne ko aro aka ba ni?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Mutum ya tara kuɗi ya sayi fili, ya karɓi takardar C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamna ke bayarwa, sai ya ga an rubuta masa wa'adin shekara 99. To idan nasa ne, wa'adin na mene ne? Me ainihin ya saya? Kuma idan ya rasu, ina abin yake komawa? Masana doka da malamai a taimaka.

Ɗan Gandu:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya saya shi ne izinin zama da amfani, ba ƙasar ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga 'yan Najeriya. A Arewa ma ba sabon abu ba ne, Turawa sun yi irinta tun 1910, gwamnatin Arewa ta sake tsara ta a 1962. Dokar cewa ta yi a ba da izini na ƙayyadadden lokaci, shekara 99 ɗin al'adar ma'aikatun ƙasa ce ga filin gida. A karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma ba za ta wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba sai gwamna ya yarda.

Ga inda mutane ke ƙonewa. Sashe na 22 ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Mutane sai su rubuta takarda gaban mai unguwa, a ba dillali la'adarsa, a watse. Shekara goma sunan tsohon mai fili na nan a rajista, ranar da ya rasu magadansa su taso. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina da aka yi wa bankin Savannah saboda wannan dalili kaɗai. Sai sashe na 28: gwamna na iya soke izinin don aikin jama'a, ko don an ƙi biyan harajin fili, ko an saɓa sharaɗin takardar. Diyyar da za a biya ta gini ce da shuka, ba ta ƙasa ba, don haka mai fili fayau kusan hannu rabbana zai tashi. In kuma aka sami zinare ko mai a ƙarƙashi, na gwamnatin tarayya ne.

Almajirin Zaure:
Allah Ya saka da alheri, Ɗan Gandu. Shari'a ta yarda mutum ya mallaki gona, hadisi ya tabbata cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Amma a Suratu Maryam, aya ta 40, Allah Ya ce Shi ne zai gaji ƙasa da wanda ke kanta. Da zarar rai ya fita mulki ya bar hannun mutum, tun kafin a gama haƙa kabari.

Mu yi lissafi ku gani. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, da bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, a ce gona eka 8 ta rage. Mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa sun riga shi. Matar na da tumuni, eka 1. Sauran 7 a kasa su bakwai: kowane namiji eka 2, kowace mace eka 1. Ɗaya daga cikin mazan ya rasu bayan mahaifiyarsa, ya bar mata, maza 3 da mace 1. A cikin eka 2 ɗin da ya gada wajen mahaifinsa, matarsa rubu'in eka, kowane namiji rabin eka, mace rubu'i. Gandun da ake kwana uku ana huɗa da shanu, kafin jikoki su yi aure ya zama abin da yaro zai nome kafin azahar.

Abin da ya fi ɓata zumunci shi ne barin gado ba a raba ba, ana cewa ai duk gida ɗaya ne. Wani magajin ya rasu, rabonsa ya shiga wani gadon, lissafi ya cakuɗe, yawanci kuma mata ne ake dannewa. A raba da wuri, a rubuta, ko da za a ci gaba da noma tare.

Mai Tambaya:
To wanda ya ba da aron gona ya yi shiru shekaru, zai iya rasa ta?

Almajirin Zaure:
A mazhabar Malikiyya akwai hauzi. Bare ya riƙe gona shekara 10 yana sarrafa ta kamar tasa, mai ita na gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi wa'adin kan kai 40. Aro da haya da jingina ba sa shiga hauzi, amma fa sai an tabbatar aron ne, shaidu kuwa mutuwa suke yi. Shi ya sa dattawa ke karɓar ko da dami ɗaya duk kaka daga mai aro, ba don yunwa ba, don jama'a su riƙa gani.

Na Bakin Tafki:
Ku ƙara da cewa ita kanta ƙasar ba ta zama wuri ɗaya. Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin 1973 da na 1984 suka cinye mafi yawansa. Mutane suka bi ruwa suna kafa ƙauyuka a inda da jirgi ke wucewa, suna shuka masara da wake a danshi. Darak ɗaya ce daga cikinsu. A 2002 Kotun Duniya ta ce yankin na Kamaru ne, a ƙarshen 2003 Najeriya ta miƙa shi. Manomi na cikin gonarsa, ƙasar da yake ciki ta canja suna.

Don haka kada a yi iyaka da rafi ko kwari, ambaliya ɗaya za ta gusar da su. A kira safiyo ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, maƙwabta huɗu na tsaye, sannan a bi layin da gamba ko aguwa. Ɗorawa ko kukar da ke cikin gona a tambayi ta wane ne kafin a biya kuɗi, don a wurare da yawa itacen na wani ne daban. Burtali da mashaya kuwa kada a saya ko da araha, na jama'a ne, kuma shanun da suka saba bi za su dawo da kaka.