Kocin manajoji: gyara ne ko ɓarnar kuɗi?

Alhaji Ɗanladi: Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfaninmu nan Jos ya ɗauko wa manajoji koci na wata shida. Ni dai na ce ɓarnar kuɗi ce. Shugabanci baiwa ce daga Allah. In kuma ilimi ake so, ga Kuru nan kusa da mu, tun 1979 ake horar da manyan ƙasar nan.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai Kuru makaranta ce, lacca ake yi da bincike kan manufofin ƙasa. Koci kuwa daga kai sai shi, a kan matsalar da ke teburinka yau. Ba zai ce maka yi kaza ba. Tambayarka zai yi: me kake son cimmawa, ina ka tsaya yanzu, waɗanne hanyoyi gare ka, wacce za ka bi? Ran da kuka sake zama ya ce, to, ka yi?

Alhaji Ɗanladi: Hajiya, in ba zai ba ni amsa ba, kuɗin me ake biyansa?

Malam Isa: Kuɗin gaskiyar da ba mai gaya maka, Alhaji. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Za a ɗauki injiniyan da ya fi kowa iya aiki a ba shi sashe. Sai ya ƙi sakar wa yara aiki, kowace takarda sai ta bi ta hannunsa, a taro shi kaɗai ke magana. Wa zai faɗa masa? Na ƙasa sai "ranka ya daɗe", a fita a yi gunaguni. Koci yakan ji ra'ayin na sama da na ƙasa ba tare da sunaye ba, ya ajiye masa a gabansa. Ko Eric Schmidt lokacin da yake shugabantar Google, Bill Campbell ne kocinsa.

Baban Amira: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma sana'ar ba ta da lasisi. Kowa zai iya buga kati ya ce shi koci ne. Ƙungiyar ICF ta masu aikin koci ta duniya, da aka kafa a Amurka a 1995, matakin farko na shaidar da take bayarwa sai mutum ya yi awa 60 na horo da awa 100 yana aikin. A nemi shaidarsa tukuna.

Alhaji Ɗanladi: Ga ma abin da ya fi damuna. Kamfani ke biyansa. In na buɗe masa cikina, ba oga zai kai wa ba?

Maman Khalifa: Wannan tambayar taka tana kan hanya, yaya. Kafin zaman farko a rubuta yarjejeniya, kai da kocin da oga ku sa hannu: oga zai san manufar da aka sa da ko kana zuwa, hirarku kuwa sirri ce. In sun ƙi rubutawa, kar ka shiga.

Alhaji Ɗanladi: Ranar Litinin zan nemi takardar. Amma maganar baiwa ban janye ba.