Muhawara: wai abin da aka rubuta da biro ya fi zama a kai?

Kawu: Assalamu alaikum. Jiya Auta ta nuna min jotin ɗinta na lacca, duk a laftof, shafi goma sha biyu na darasin awa ɗaya. Na yi mata tambaya uku daga ciki, sai da ta koma ta buɗe ta karanto min. Ni dai maganata ɗaya ce, kuma shekarun da na yi ina koyarwa ne suka nuna min: abin da hannu ya rubuta da biro shi ke zama a kai, wanda aka latsa a madannai a cikin na'ura yake zama kawai. Duk mai ja ya fito.

Auta: Wa alaikumus salam. Kawu ku yi haƙuri amma zan ja gaskiya. Kun tambaye ni ne a ranar da aka yi laccar ko bita ban yi ba, kuma malamin nan gudu yake kamar ana korar sa, idan na ce da biro zan bi shi wallahi rabin maganar sai ta wuce ni, gara in kama komai in dawo gida in zauna in tace a nutse.

Kawu: To ai nan gizo ke saƙa 'yata. Kin kama komai, amma me kika riƙe?

Injiniya: Kawu akwai binciken da ya goyi bayanku, bari in faɗa tun kafin in soke shi. A 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun gwada ɗaliban jami'a a Amurka, wasu na jotin da laftof wasu da biro, suka ga masu laftof sun fi yawan rubutu amma kwafar maganar mai lacca suke kalma bayan kalma, da aka zo tambayoyin da ke buƙatar fahimta sai masu biro suka fi su. Dalilin da suka bayar shi ne hannu ba shi da sauri, dole ka saurara ka zaɓi abin da ya fi muhimmanci ka sa shi da kalmominka, wannan zaɓen shi ne karatun. Amma fa a 2019 wasu masu bincike sun sake irin gwajin ba su samu wani bambanci na a zo a gani ba, shi ya sa ni ban yarda a ce magana ta ƙare ba.

Malama: Yaya ni a aji nake kullum da yara ƙanana, ba na buƙatar kowa ya gaya min. Yaron da ya ja harafi da fensir, ya yi kuskure ya goge ya sake, shi ne ke rabe b da d da wuri. Wanda ya saba danna maɓalli, a wurin yatsansa duk haruffa ɗaya ne, dannawa ce kawai. Akwai wata yarinya da nake kama hannunta muna zagaya cikin harafin a, sai na ji yatsunta sun daina ƙagewa sun fara bin layin da kansu, daga ranar ba ta sake juya shi ba. Kuma a 2024 wasu masu bincike a wata jami'a a Noruwe, Audrey van der Meer da Ruud van der Weel, sun sa wa ɗalibai 36 wata hula mai auna motsin ƙwaƙwalwa, suka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗuwa da juna lokacin rubutun hannu fiye da lokacin bugawa.

Injiniya: Madalla da kika kawo wannan. Kin san da me suka yi rubutun hannun a gwajin? Da alƙalamin lantarki a kan sikirin, babu takarda ko ɗaya a wurin. Sannan masu bugawar da yatsa ɗaya aka ce su buga, wa ke buga rubutu da yatsa ɗaya in dai ya iya? Kuma motsin ƙwaƙwalwa suka auna, ba su yi wa kowa jarabawa daga baya don a ga wa ya fi tunawa ba. To ko mun yarda da sakamakon gaba ɗaya, hannu ya yaba, bai yabi takarda ba. Kenan Auta ta samu kwamfutar hannu mai alƙalami ta huta.

Kawu: Na karɓi rabi. Na yarda aikin na hannu ne. Amma littafin rubutu bai taɓa yi min ƙara ya ce ga saƙo ya shigo ba, bai taɓa ce min caji ya ƙare ana tsakar darasi ba. Ka buɗe shi ba abin da ke ciki sai abin da ka sa. Ita na'urar da kake cewa, a wuri ɗaya darasi yake da hira da bidiyo da labarai, kuma kai kanka ka san wanda ke rinjaye idan dare ya yi mutum ya gaji. Suwidin ba ta rasa kuɗin sayen na'ura ba, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa cika azuzuwa da su, amma a 2023 ministar makarantunsu Lotta Edholm ta ce a koma wa littattafan takarda da rubutun hannu, bayan makin karatun yaransu a gwajin ƙasa da ƙasa ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. Jihar Kalifoniya ma, inda manyan kamfanonin kwamfuta suke, ta yi doka a 2023 cewa a riƙa koya wa 'yan firamare rubutun hannu mai haɗe.

Injiniya: Saukar makin ba a tabbatar na'ura ce kaɗai ta jawo ba Kawu, shekarun korona ne fa. Amma maganar saƙonni kam ba ni da ta cewa, ni ma sai na kashe data nake iya karanta abu mai tsawo.

Gwaggo: Ku duk kuna ta maganar jarabawa. Ni bari in faɗi nawa. Littafin da Baba Allah ya jiƙansa yake rubuta lissafinsa yana wurina, mai baƙin bango ɗin nan da gefensa ya cinye. Ran nan na buɗe, a shafukan farko rubutun a miƙe yake ƙanana kamar an jera, biron har ya huda takardar a wasu wuraren saboda yadda yake dannawa, kana shafa bayan shafin kana jin tudun haruffan a yatsa. Ina ta juyawa har na zo shekarar da ya fara ciwo sai na ga layin ya fara karkata, haruffan sun yi manya suna rawa, a shafi na ƙarshe ya fara rubuta sunan ɗayanmu bai ƙarasa ba. Na zauna na yi kuka na gode Allah. Da a waya ya rubuta da duk haruffan iri ɗaya za su fito, na mai lafiya da na majinyaci, ba abin da zan gani na shi kansa.

Malama: Allah ya gafarta masa Gwaggo, ya sa ya huta.

Auta: Amin. Ni ban taɓa ganin littafin nan ba ma.

Yaya Babba: Amin ya Allah. Gwaggo ba na musa abin da kuka faɗa, amma ku yi min uzuri in kawo ɗaya gefen don ya taɓa ni. Takarduna na shekara da shekaru na zuba a kwali na ajiye a ƙarƙashin gado, wasiƙu, jotin makaranta, wani dogon rubutu da na yi wata takwas ina yi, ranar da na jawo kwalin ƙasansa ya zauna a wurin, gara ta shiga ta mayar da rabi ƙasa, sauran danshi ya manne su idan ka ɓare shafi sai ya taho da na bayansa. Kwafi ɗaya ne tak a duniya kuma ya tafi. Ba ni kaɗai ba, a 1973 gobara ta tashi a wata ma'ajiyar takardun sojoji a birnin St. Louis na Amurka, fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18 suka ƙone kuma ba su da kwafi a wani wuri. Abin da na buga a kwamfuta kuwa yana laftof yana falas yana imel, sai dai su lalace su uku a rana ɗaya.

Injiniya: Yaya a nan kuma zan ba ka mamaki, don aikina ne na san inda yake yoyo. A 1986 BBC ta tattara bayanai da hotunan rayuwar Birtaniya ta zuba a wasu faya-fayai na zamani, don cikar shekara 900 da wani tsohon kundin ƙidayar filaye na Ingila da aka rubuta a 1086. Kafin a yi shekara ashirin na'urar da ke karanta faya-fayan ta kusa ɓacewa sai da masana suka yi aikin ceto, shi kuwa kundin 1086 har yau yana nan ana karantawa. A 2019 Myspace, wani dandalin sada zumunta na intanet, ta amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. Shi kansa Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa hoton da kake ji da shi ka wanke shi a takarda. Fayil ba ya ruɓewa amma sai an yi ta kwashe shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, ranar da mai kwashewa ya daina ko ya rasu da lambar sirrinsa shikenan.

Yaya Babba: To amma kundin nan ai a fata aka rubuta shi ba takarda ba, kar a ɗora wa takarda yabon da ba nata ba. Irin wadda muke saya yanzu da niƙaƙƙen itace ake yi, jarida ka ajiye ta shekara kaɗan ka ga ta yi ja tana karyewa, rasit ɗin na'ura kuwa wata nawa ne rubutun ya goge fes.

Injiniya: Wannan gaskiya ne.

Auta: Ni dai a bar ni in ƙara abu biyu don kamar an manta da masu karatun yanzu. Na ɗaya nema, ina da jotin shekara uku, idan ina son inda aka yi maganar wata cuta kalma ɗaya zan rubuta ya fito min cikin daƙiƙa, a littafi sai in kwana ina juya shafi. Na biyu akwai wata ƙawata da ba ta gani sosai, wayarta ce ke karanta mata jotin da murya tana ƙara girman haruffa yadda take so, ita idan aka ce kowa ya koma biro an kore ta daga aji kenan. Abin da ke ɓata min rai da waya ɗaya ne, gyaran da take min ba na sa ta ba, in rubuta ƙasa ta mayar min kasa, sai da na sauko da madannan Hausa na samu sauƙi. Biro kam ƙugiyar da ka sa ita za ka tarar.

Malama: Maganar ƙawarki ta shige ni, ban yi tunanin wannan ba sam. Amma ga yaro mai koyon harafi ina nan kan bakana, fensir tukuna.

Kawu: Ƙawarki ba da ita nake ba, Allah ya ƙara mata lafiya, ta riƙe abin da ya taimake ta. Da ke nake mai ido biyu da hannu lafiyayye. Nema da sauri da kike yabo shi ne abin da nake tsoro, don ranar da mara lafiya ke kwance a gabanki ba kalma za ki rubuta ki jira ta fito ba. Ga abin da nake so, ki ci gaba da kama laccar da laftof ɗinki tunda malamin gudu yake, amma idan kin dawo ki rufe shi ki ɗauki biro ki rubuta min darasin a shafi ɗaya daga kanki, inda kika maƙale ki bar gurbi sannan ki buɗe ki cike da jan biro. Sati biyu kawai. In na zo zan tambaye ki daga darasin da kika yi wa haka da wanda ba ki yi wa ba.

Auta: Na yarda Kawu, amma da sharaɗi, wasu darussan zan yi taƙaitawar a laftof ba tare da na leƙa ba, don mu gane biron ne ko rufe jotin ne ke aikin.

Kawu: Na amince, hakan ma ya fi adalci.

Gwaggo: Kai kuma Injiniya tunda an tsorata ni da maganar gara da gobara, ka zo ranar Asabar da wayarka ka ɗauki hoton littafin Baba shafi bayan shafi ka tura wa kowa. Amma a gabana za ka yi, littafin ba zai fita daga ɗakina ba.

Injiniya: In sha Allahu Gwaggo, da safe zan zo don hasken ya fi kyau.