Neman shawara kan asusun tallafa wa ɗaliban zane a Bauchi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malamin zane ne ni a wata sakandaren gwamnati a cikin garin Bauchi. Mu da iyayen yara da wasu masu ɗinkin hula muka shirya baje kolin ayyukan ɗalibai, domin abin da aka samu a sayi fenti da takarda, a kuma biya wa masu hazaƙa kuɗin jarrabawar NECO da JAMB. Burina in ga ko yaro ɗaya ya shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Jama'a sun zo, alhamdulillahi. Rubutun ayoyi da zanen dagi da ƙoren da aka yi wa ado sun ƙare tas. Hotunan mutane da dabbobi kuwa, har da na giwayen Yankari da yaran suka fi shan wahalarsu, sai yabo kawai. Da yawa sun ce ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, kuma ban ga laifinsu ba. To ina zan kai hotunan?

Babbar matsalar ita ce ajiyar kuɗin. Yanzu suna asusuna na kaina, hankalina bai kwanta ba. Banki ya ce kafin a buɗe mana asusun tallafin sai mun kawo rajistar amintattu daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda ke buƙatar sanarwa a jarida, kuɗinta kuma zai cinye kaso mai tsoka. Shin asusun haɗin gwiwa mai sa hannun mutum uku zai wadatar, ko mu shiga ƙarƙashin ƙungiyar iyaye da malamai? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka, rajistar jarrabawa ta kusa.